Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya Kan Naira Da Sefa

Mai girma Gwamna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Daga Kano nake rubuto maka, a kan wani kuɗi da ba kasafai muke jin sunansa a bakinku ba idan kun fito yi wa 'yan jarida bayani bayan taron kwamitinku. Kukan yi maganar dala, wani lokaci fam ko yuro, a 'yan shekarun nan har da yuwan na ƙasar Sin. Mu kuwa a Kantin Kwari da Dawanau da Singa da Ƙofar Wambai, kafin wani ya tambayi yadda dala ta kwana, wani ya riga ya tambayi nawa jaka take yau, wato sefa 1,000 ta maƙwabtanmu na Nijar.

Ni mai riƙe da littafin shago ne a Kwari, harkar atamfa da shadda, kuma da yawa daga cikin masu sarin kayanmu daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas suke zuwa. Buƙatata guda ce, sauran duk rassanta ne: a buɗe halattacciyar hanya ta kai tsaye tsakanin naira da sefa, wadda ƙaramin ɗan kasuwa zai iya bi. Naira ta haura shekara 50 da haihuwa ba a gina wannan hanya ba, kuma yawancin abin da ake zargin 'yan canjin Wapa (matattarar masu canjin kuɗi a unguwar Fagge ta Kano) da shi a wannan giɓin ya tsiro.

A 1980, a farashin gwamnati, dalar Amurka ɗaya kwabo 55 ce a nan, a ƙasashen sefa kuma tana wajen sefa 211. Wanda ya buga lissafin zai ga naira ɗaya ta haura sefa 380, jaka guda kuma tana wajen naira 2 da kwabo 60. A 2024 jakar nan ta haura naira 2,500. Ninki dubu ke nan a cikin rayuwar mutum ɗaya. Dattijon da ya taɓa shiga kasuwar Maraɗi da 'yar Murtala guda, wato takardar naira 20, a aljihu ya yi cefanen da sai an ɗauko masa, yau shi ne yake cika jakar leda da 'yan dubu-dubu don ya karɓi abin da zai shige aljihun gaban riga. Gaskiya ne ko a wancan lokacin farashin kasuwa bai kai na gwamnati ba, kuma wannan tazarar ita ce ta raini Wapa. Zan zo kanta.

Da can kuɗin Kano da na Damagaram ɗaya ne. Wuri ne, ana ƙirga shi a ƙasa biyar-biyar, a ɗure dubu 20 a keso guda a ɗora wa jaki ko raƙumi. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ake bayarwa a kan dalar azurfa ɗaya ta Turai. Shi ma wurin darajarsa ta zube daga baya, da jiragen ruwan Turawa suka yi ta jibge shi a gaɓar teku daga gabashin Afirka. Amma ya zube wa kowa ne tare. Bafataken da ya kai baƙin yadi na Kura zuwa Damagaram, ko ya sauko da kanwa da gishirin Bilma zuwa kasuwar Kurmi, bai san wani abu wai canji a tsakanin garuruwan nan biyu ba.

Ingila ta ci Kano a 1903. Ita da Faransa suka shata iyakar da ta bar Katsina a kudu, Maraɗi a arewa, alhali Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. A ɓangarenmu aka hana shigo da wuri, aka ce haraji sai da sulalla, sannan a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma a Landan. Nan muka samu fam da sule da sisi da taro da kwabo mai huji da anini, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta fara tafiya Ikko. A ɓangarensu faran na Faransa ne ya shiga, har zuwa 26 ga Disambar 1945 da aka ƙirƙiro sefa. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, sai ga kuɗi biyu, kowanne da uban gidansa a Turai. Ba a taɓa ɗaura su da juna ba. Wanda yake son sanin nawa sule yake a faran, a hukumance sai ya bi ta Landan ya ɓullo ta Faris. Yau ma haka abin yake, sunayen garuruwan ne kawai suka canza.

Da 'yanci ya zo, hanya ta rabu sosai. Bankinku ya fara aiki a 1 ga Yulin 1959, ya fitar da fam ɗin Najeriya. Lokacin da Ingila ta karya darajar fam ɗinta a Nuwambar 1967, Najeriya ta ƙi bin ta, namu ya tsaya a dala 2 da santi 80. A Janairun 1968 aka canza takardun kuɗi ana tsakiyar yaƙin basasa don a kashe waɗanda ke hannun Biyafara. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta fito, fam ɗaya naira 2, sule kwabo 10, ga kuɗin mai na shigowa. Nijar kuwa ta zauna a cikin sefa bayan 1960, a kan sefa 50 faran ɗaya, kuma wannan farashi bai motsa ba har 1994.

Kada a ɗauka yabon sefa na zo yi. Na san wasu matasanmu, idan suka ga jaka ta kai naira dubu biyu da ɗoriya, sai su ce ai gara ma a ce Faransa ce ta mallake mu. Wannan magana ce ta ɓacin rai. Sefa doki ne ɗaure a turken gidan wani: ba ya ɓata, amma ba kai kake riƙe da linzamin ba. Shekara da shekaru ƙasashen suna ajiye kuɗin ƙasashen wajensu a baitulmalin Faransa, kashi 65 cikin 100 daga 1973, kashi 50 daga 2005, sai bayan sanarwar Abijan ta Disambar 2019 aka ɗauke wa na yammacin Afirka wannan sharaɗi. Tun 1 ga Janairun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ce, ko damina ta yi kyau a Nijar ko fari ya cinye gero. Kuma ƙarfin kuɗi bai mai da talakan Tasawa mai arziki ba. Har yau matasansu ne suke sauko mana ci-rani, suna ga-ruwa da shayi da gadi. Abin da sefa take da shi wanda naira ta rasa abu ɗaya ne: mutum yana iya karɓar bashi da ita yau ya san abin da zai biya bayan wata uku.

Ranka ya daɗe, 1984 ce shekarar da tsofaffin 'yan kasuwar nan ba su manta ba. A ƙarshen Afrilu gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ta sauya launin takardun naira, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin banki. Abin da mutum zai canza hannu da hannu bai wuce naira 5,000 ba. An yi haka ne don a kashe nairar da aka fitar waje, kuma ta mutu ɗin. To amma a hannun wa take? Ɓarayin gwamnati da aka yi niyya, yawancinsu dukiyarsu tana Landan da fam. Nairar da ke Maraɗi da Magarya da Ƙonni ta masu shanu ce da masu wake da suka sayar mana da kaya suka yarda da takardarmu, don a lokacin ana ajiye naira a ƙarƙashin katifa a can kamar yadda ake ajiye sefa a nan yanzu. Shekarar kuma ta zo da fari. Iyaka ta zauna a rufe har Maris na 1986, hatsin da aka saba kai musu daga kasuwanninmu ya yanke, har mutanen gabashin Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan Buhari. Daga ranar ɗan Nijar ya koyi darasin da ya koya wa ɗansa: in ka karɓi naira, kada ta kwana a hannunka.

Sai Satumbar 1986, zamanin Janar Babangida da shirin gyaran tattalin arziki, aka fara gwanjon kuɗin waje. Dala da take ƙasa da naira 2 ta wuce naira 4 a gwanjon farko. Daga nan aka yi ta gangarawa, Maris na 1992 ta kai wajen 18. A waɗannan shekarun sefa ta zama wata ƙofa ta baya. Tunda Faransa ta lamunce mata, takardar sefa tana canzuwa zuwa faran a bankunan Turai, saboda haka mai son shigo da kaya wanda bai samu dala a banki ba sai ya sayi sefa a Fagge, a ɗauke ta a akwati zuwa waje. Man fetur da taki da kayan masana'antun Bompai da Sharaɗa suna tsallakawa arewa, sefa tana saukowa kudu tana wucewa Turai. Bankin ƙasashen sefa da ke Dakar ya toshe ƙofar a Agustan 1993, ya ce ya daina fansar takardunsa da aka fitar daga yankin.

Wata biyar bayan haka aka yi abin da su ma ba su manta ba. Ranar 11 ga Janairun 1994 shugabanninsu suka taru a Dakar, ga shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ga ministan Faransa, aka fito aka sanar cewa faran ɗaya ya koma sefa 100. Rabin darajar kuɗin ta tafi a dare ɗaya. Duk ɗan canjin da ya kwana da sefa a durowa ya tashi da rabin jarinsa, duk Bakanon da yake bin ɗan Maraɗi bashi da sefa haka. A cikin wannan watan dai gwamnatin Janar Abacha ta kafe dala a naira 22, ta zauna a haka a takarda har ƙarshen 1998, alhali a kasuwa ta wuce 80. Wanda yake da hanya ya karɓa a 22 ya sayar a 80, ya gina gida a unguwar Nasarawa ta Kano. Wanda ba shi da hanya ya tafi Wapa. Ina so a lura da wannan, domin ana yawan magana kamar 'yan canji ne suka haifi farashi biyu. Farashi biyu a ofis aka haife shi, su dai sun tsaya ne a inda ruwan yake zuba.

Daga 2005 zuwa 2014 an samu sauƙi. Dala tana yawo tsakanin naira 118 da 170, jaka kuma tsakanin 250 da 350. A shekarun nan ne ciniki da bashi ya yi ƙarfi a Kwari, don mutum yana iya ba da dila goma ya jira wata biyu hankalinsa kwance. Faɗuwar farashin mai ta zo, Yunin 2016 aka saki naira daga 197 ta wuce 280, farkon 2017 dala ta taɓa 520 a kasuwa. A Agustan 2019 aka sake rufe iyaka har Disambar 2020. Wajen ƙarshen 2021 aka wayi gari sefa ɗaya ta kamo naira ɗaya a Wapa. Babu jaridar da ta yi babban kanu da wannan, amma a kasuwa an yi ta jinjina shi, domin mutanen da suka girma suna raina sefa sun ga ranar da ba su zata ba.

Abin da ya biyo baya kai ma ka gaje shi ne, ba sai na tsawaita ba. An sanar da sauya 'yan 200 da 500 da 1,000 a Oktobar 2022, sababbin suka fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin sun mutu 31 ga Janairu, aka ƙara kwana goma, sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a 3 ga Maris na 2023. A makonnin nan garuruwan bakin iyaka a Katsina da Sakkwato da Jigawa da sefa suka riƙa sayen gero da magani, a cikin ƙasar Najeriya. Kwatanta da yadda bankin Dakar ya janye tsofaffin takardunsa a 2004: daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Disamba, wata uku da rabi, a ƙasashe takwas, kuma da aka ga mutanen karkara ba su gama ba aka ƙara musu lokaci. Sannan ga cire tallafin mai a Mayun 2023, ga sakin naira a Yuni, ga juyin mulkin Yamai a 26 ga Yuli da rufe iyakar da ya biyo baya har Maris na 2024. A Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Mai sefa ya ga masara da gero da dawar Dawanau sun zama araha a wurinsa, motoci suka yi ta lodi, mu kuma mudu ya gagari mai albashi. Aka koma tare motocin hatsi a hanya. Direba aka kama, amma farashin canji ne ya yi lodin.

Bari in nuna maka yadda kuɗin nan yake tafiya a zahiri, don na lura masu rubuta dokoki suna zaton buhunan takarda ne suke tsallaka iyaka kullum. Alhaji ya zo daga Damagaram, ya zauna a kan benci a shago, an kawo masa ruwa, ya zaɓi kaya, an yi ciniki da naira. Ba ya ɗauke da ko sisi. Sai ya ciro waya ya kira mutuminsa a Wapa: "Alhaji, nawa ka ba ni yau?" A faɗa masa. Ya karɓi kalkuletar shago ya danna, ya miƙo wa maigidana ya gani, ya ce a rage masa biyar. A yi ta ja har a daidaita. Ɗansa da ke can gida ya ɗauki sefa ya kai wa wakilin ɗan canjin a kasuwar Dole, wakilin ya kira ya ce ta shiga hannu, kafin Alhaji ya gama sallar la'asar kuɗi sun faɗo a asusun shago. Sefar nan kuma ba za ta zo Kano ba. Akwai wani dillalin shanu da ya sayar da bijimai a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, hannunsa cike da naira, so yake ya koma gida da kuɗin ƙasarsu. Nairarsa ce aka biya mu da ita, sefar Alhaji kuma shi za a ba. Ɗan canji ya rubuta layi biyu a littafinsa, ya ɗauki ɗan abin da ke tsakani. Ba takardar shaida, ba sa hannu. In wani ya ci amana, shugabannin kasuwa ne za su zauna a kansa, kuma wanda aka yanke wa hukunci a nan ya gama sana'a daga Kano har Agadas.

Wannan aikin da banki ya kamata ya yi ne. Idan Alhajin nan ya ce zai bi ta hukuma, sai an juya sefarsa zuwa yuro ko dala, a bi da ita ta wani banki a Turai, a cike takardun shigo da kaya da fitar da su, a jira kwanaki, a cire caji a kowace gaɓa, sannan ta zama naira. Tsakanin Kano da Damagaram tafiyar yini ɗaya ce a mota. Na san kuna wallafa farashin sefa a shafinku tare da sauran kuɗaɗe, amma lamba ce da aka ciro daga lissafin yuro da dala, ba farashin da wani ya saya ko ya sayar a kansa a Jibiya ko Kwangwalam ba.

Ba na wanke 'yan canji tas. A cikinsu akwai masu ɓoye kuɗi su jira ya tashi, akwai masu yaɗa jita-jita da safe don su saya da yamma, akwai waɗanda ba sa tambayar inda kuɗi ya fito ko da warinsa ya cika ɗaki, kuma a zamanin da 'yan bindiga suke karɓar kuɗin fansa a dazukan da suka haɗa ƙasashen biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hujjarku ta neman a san kowa da abin da yake juyawa tana da ƙarfi. Inda nake ganin an kauce shi ne awon da aka yi amfani da shi. A Maris na 2024 an soke lasisin kamfanonin canji 4,173, a Mayu kuma aka ce jarin ƙaramin rukuni naira miliyan 500 ne, babba biliyan 2, daga miliyan 35 da ake nema a da. Wannan awo ne na masu dala a Legas da Abuja. Mutumin da sana'arsa ita ce haɗa mai shanu da mai atamfa ba zai tara miliyan 500 ba, kuma ba zai daina sana'ar ba, tunda shanu ba su daina saukowa ba. Zai dai koma inda ba ku ganinsa. Me zai hana a yi rukuni na uku, na masu canjin kuɗin maƙwabta kaɗai, sefar yamma da ta tsakiya ta Chadi da Kamaru, da jari daidai ƙarfinsu, da rajista ta hannun ƙungiyarsu, da sharaɗin su rubuta sunan mai kawowa da mai karɓa? Littafin suna da shi tun tuni. Shigo da shi cikin doka ne ya rage.

Babbar buƙatar dai ita ce ku zauna da bankin Dakar. A 2018 kun ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi da babban bankin Sin, ta yuwan biliyan 15, kun sabunta ta a ƙarshen 2024, don mai sayo kaya daga can ya biya ba tare da ya nemi dala ba. In an iya da ƙasar da ke wata nahiya, ban ga abin da zai hana a yi da wadda muke da iyakar kilomita kusan 1,500 da ita ba, balle ga Jamhuriyar Binin ma sefar take ci. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1975 aka kafa gidan daidaita biyan kuɗi na Afirka ta Yamma a Firitawun don wannan aikin, ya yi ta tangal-tangal saboda ƙasashe ba sa biyan abin da ya hau kansu. An ƙaddamar da sabon tsarin biyan kuɗi na Afirka a Akara a Janairun 2022. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971. Kayan aikin suna nan a warwatse. Abin da ɗan kasuwa yake so shi ne ya shiga reshen banki a titin Murtala Muhammad ya zuba naira, abokin cinikinsa ya karɓi sefa a Maraɗi a ranar, a farashin da bai yi nisa da na Wapa ba. In farashin ya yi nisa, kada ma a wahalar da kai, ba wanda zai zo.

Za a ce mini a jira eko, kuɗin bai-ɗaya na Afirka ta Yamma. Tun 2003 ake sa masa rana ana ɗagawa, yanzu an ce 2027. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ko da yake har yanzu sefar suke kashewa, ana kuma ta raɗe-raɗin za su buga nasu kuɗin. In hakan ta faru, Kano ce za ta fara jin girgizar kafin Abuja, domin duk wanda yake riƙe da sefa ko yake bin bashi da ita zai kwana bai san abin da ya mallaka ba, kamar Janairun 1994. Saɓanin siyasa tsakanin gwamnatoci bai hana manyan bankuna biyu magana ba, kuma gara a yi maganar tun kafin ranar. Ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Kaya za su riƙa isa cikin sa'o'i kaɗan, kuɗin kayan kuma a hukumance sai sun zaga ta Turai.

Game da sauya takardun kuɗi, roƙona kaɗan ne. Duk ranar da za a sake, a tuna akwai naira mai yawa a hannun mutanen da ba 'yan Najeriya ba, waɗanda suka karɓe ta da halal, kuma ba su da asusu a bankunanmu. A ba da wata shida aƙalla, tsohuwa da sabuwa suna tafiya tare, a kafa wuraren canji a Maigatari da Jibiya da Illela da Kamba. Duk lokacin da aka kashe takarda a hannun baƙo, shekara goma ba ta isa ta dawo da yardarsa, kuma rashin yardar nan yana cikin abin da yake sa kowa ya yi gaggawar rabuwa da naira.

Akwai kuma wani aiki mai sauƙi da reshenku na Kano zai iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Farashin naira da dala na kowace shekara yana cikin littattafanku. Farashin naira da sefa na kasuwa, wanda mutane suka yi ciniki a kansa da gaske daga 1973 zuwa yau, yana cikin tsofaffin littattafan 'yan canji ne da kawunan dattawan Fagge, kuma dattawan suna ta tafiya, 'ya'yansu suna zubar da takardun idan za a gyara shago. A tura ma'aikata biyu ko uku, tare da malaman tattalin arziki na Jami'ar Bayero, su roƙi a ba su su kwafa, a ɓoye sunayen masu hulɗa, a fitar da jadawalin wata-wata. A ajiye kwafi a gidan tarihin kuɗinku na Abuja, wani a Gidan Makama kusa da wuri da anini. Daga nan kuma a riƙa ɗaukar farashin kullum a Wapa da manyan kasuwannin iyaka ana wallafawa, yadda hukumar ƙididdiga take ɗaukar farashin shinkafa da man ja. Wanda zai yanke shawara kan hatsi ko iyaka ko sabuwar takarda ya samu abin dubawa.

In za a turo su, kada a turo su da motar 'yan sanda a gaba, don ba wanda zai buɗe musu littafi. Su fara gaida shugabannin kasuwar, a haɗa su da wanda zai zaga da su. Su zo da kaka, lokacin da wake da riɗi da aya suke shigowa Dawanau, su yi mako guda a Wapa, sannan su kwana a Gumel ranar Laraba don su riski kasuwar Maigatari tun da sassafe, kafin a fara loda shanu.

Na gode da lokacinka. Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani mai riƙe da littafin shago,
Kantin Kwari, Kano.